Malalacin Majigi

Shekara biyu da samun mulkin kai, zance ya cika kasuwar Makarfi cewa majigin da aka ɗauka a Saulawa ya ci kyauta a bikin masu majigi na shekara a Kaduna, wai don ya tona asirin wani malalacin manomi, Ja'afaru. Kowa ya gan shi a farin ƙyalle, kwance gindin ɗorawa yana barci, tsutsa na cin audugarsa. Ga kuma wani manomi, Maiwada mai hankali, yana feshi kusa da wata kuka mai rassa biyu, gonarsa fari fat. Abin da ido ya gani, in ji mutane, ba a musunsa.

Mero dai ta musa. Ja'afaru ɗan ƙanen ubanta ne, ita ta goya shi, ta san yadda hannunsa yake da fartanya. Da ta ji ya kira gayyar noma, sai ta sallami matan da take koya wa karatu a Kudan, ta hau motar kasuwa zuwa Saulawa.

Ta tarar da shi shi kaɗai a tsakiyar gona. Tuwon gayya da kunu na ajiye a inuwa, ƙuda na bi. Ko makaɗi bai zo ba. Bayan sun gaisa, ya ce tun da aka haska majigin samari suka daina amsa kiransa, wai ba sa yi wa mai barci noma. In ya wuce yara su yi ta masa minshari, in ya zauna a dandali hira ta mutu.

"To kai me ya kai ka kwanciya gaban mutane, ɗan nan?"

"Masu majigin ne suka ce in kwanta, Yaya. Wai fuskata ta fi ban dariya. Na ɗauka kowa zai gane wasa ne."

Ta wanke hannu ta buɗe akushi, suka ci su biyu, tuwon bai ko nuna an taɓa shi ba. Sannan ta tashi ta bi iyakar gonar tana dubawa. Ba ta ga ɗorawa ba. Kuka mai rassa biyu ta gani, nan gabas da shuka.

Gonar da ta yi fari a majigi ta Ja'afaru ce. Wadda tsutsa ta cinye, inda ya kwanta, ta Maiwada ce.