Kwabon da Bai Jiƙu Ba

"Ko me kika gani, ki ce masa akwai fuka-fukan," in ji Inna Evdokiya. Ta tare ni a ƙofar kicin, ta damƙa mini kwalbar da kwabon mijinta ke jiƙe a ciki. "Na gaji, Lemoniya. Shi ma ya gaji, taurin kai ne kawai ke riƙe da shi."

Na gyaɗa kai. Ban iya musu da manya ba.

Shekara tara muna hawa ɗaya da su a wannan bene na birnin Salonika a ƙasar Girka, ƙofa na kallon ƙofa. Mijinta, Baba Anestis, tsohon direban bas ne da ya ƙarar da rayuwarsa wajen tara kwabban sarakunan Rum na ƙarshe, 'yan sirara masu lotsawa kamar ƙoƙo. Guda ɗaya ya gagare shi: wanda aka buga a garin nan, mai hoton sarki da fuka-fuki. Bara ya samo wani da ƙasa ta daskare a kansa, ya rantse shi ne, ya jiƙa shi a man zaitun. Kafin ƙasar ta saki, yanar ido ta rufe masa gani, ciwon huhu kuma ya kwantar da shi.

Na same shi jingine da matasai uku, robar iska a hanci. Ɗakin na warin kabeji da magani.

"Mai digiri ta iso? Zauna bakin taga. Da tsinken sakace, ban da allura. In kika karce mini fuskar sarki, ba ni ba ke."

"Numfashi na gagarar ka, amma faɗa bai gagare ka ba," Inna ta ce daga bakin ƙofa.

"Je ki duba tukunyarki, tsohuwa."

Na tsamo kwabon, na goge, na fara kankara. Ƙasar ta riƙa ɓarewa kaɗan-kaɗan. Na kai sa'a guda, wuyana ya ƙage. Babu komai a ƙarƙashi sai koren tagulla, sumul. Hannayen mutane sun cinye hoton tun kafin ƙasa ta binne shi. Layi ɗaya ne ya rage, shi ma ban sani ba ko tsaga ce.

"To?" ya ce.

Na dubi Inna. Ta zare mini ido.

"Akwai fiffike, Baba."

"Dama ko hagu?"

"Dama."

"Gashi nawa?"

"Huɗu. A'a, biyar."

"Miƙo nan."

Ya daɗe yana shafa shi da babban yatsa, ciki da baya, har gefe. Ba ka jin komai sai hurar injin iskar.

"Shekara huɗu a jami'a," ya ce, "ko ƙarya ba su koya miki ba."

Kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

"Ni na sa ta," in ji Inna.

"Na sani. Muryarki na ji a bakinta." Ya yi tari, ya huta, sannan ya miƙo mini kwabon. "Bai jiƙu ba ne. Mayar da shi. A ƙara masa wata shida."

Mu ukun duk mun ji abin da likita ya faɗa ranar Litinin: 'yan kwanaki ne suka rage masa. Inna ta matso bakin gadon. Ta gyara masa bargo.

"Wata shida," ta ce. "To. Allah ya kai mu."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, masu kayan miya na ta kiran ciniki a titi.

Washegarin addu'ar arba'in na je mayar mata da farantin dafaffiyar alkamar sadaka. Ƙofar a buɗe take. Na same ta bakin taga cikin baƙaƙen kaya, ta ɗora tabaransa a kan nata, tsinke a hannu, kwabon a kan tsumma bisa cinyarta. Ba ta iya jiran wata shidan ba.

Ko ɗago kai ba ta yi ba.

"Matsa, 'yar nan," ta ce. "Kin tare mini haske."