Wankan da Ba a Maimaitawa

"Sauke asabarin tukuna," in ji Madina. "Ki matso."

Kulu ta ajiye ƙwaryar kunun da ta shigo da ita, ta sauke asabari. Ɗakin ya yi duhu-duhu, ko da yake a waje rana ta take tsaka. Kwana tara ke nan Madina tana kwance, ƙafafu sun kumbura, numfashi sai da ƙyar. Ba ta da ɗa, mijinta ya daɗe da rasuwa, don haka Kulu ce ke jinyarta, da yake katanga ɗaya ta raba gidajensu. Kuma a duk wannan unguwa ta Gaya, in mace ta cika, Kulu ake kira ta yi mata wanka. Tun da hantsi Malam Da'u liman da wasu dattawa suka shimfiɗa buzu a zaure, suna jiran abin da kowa ya riga ya sani.

"Ɗebo ruwa a randa, ki zuba min a ka sau uku. Zan gaya miki abin da za ki faɗa."

"Yaya, zazzaɓin ne ya hau miki kai?"

"Da hankalina. Ki ce, da sunan Uba, da Ɗa, da..."

Kulu ta toshe mata baki da tafin hannu. Tsakanin ɗakin nan da zaure bai fi taku goma ba, har tana jin tarin liman. Ba a daɗe ba fatake suka kawo labarin wani malami da aka kashe a birnin Kano a kan maganar Annabi Isa, almajiransa suka watse cikin daji. Wancan ma malami ne mai jama'a, balle tsofaffin mata biyu.

"Kina so a haɗa da ni?" ta ce da raɗa. "Ina kika samo wannan magana?"

Madina ta janye hannun a hankali. "Kin san an kama ni ina yarinya a gonar babana a Ajingi. Abin da ban taɓa faɗa ba shi ne inda aka kai ni. Hannu zuwa hannu har bakin teku. Aka loda mu a jirgin ruwa kamar buhuna. Wasu Turawa suka tare jirgin, suka sauke mu a wata ƙasa, Saliyo, suka ce mun 'yantu. A can na bi Almasihu. Malaminmu baƙar fata ne kamarmu. Ya zuba min ruwa a ka, baftisma suke ce masa. Ya ce duk zunubina an gafarta. Da na dawo gida, sai na ɓoye abin a raina."

"To ai an yi miki. Me kuma kike nema a wurina?"

"Ya karye, Kulu." Idonta ya firfito, ta damƙe zanen Kulu. "Kamar yadda alwala take karyewa. Ni na karya shi da hannuna. In na rufe ido sai in ga ana jirana, ni kuwa ba ni da tsarki."

Daga zaure liman ya ɗaga murya. "Kulu, yaya mai jikin? In shigo a laƙƙana mata kalmar shahada?"

"Ba ta kintsa ba, Malam. A ɗan dakata."

Muryarta ta fita daidai. Ta juyo wurin Madina. "Ba zan faɗi abin da kika ce in faɗa ba, Yaya. Da bakin nan nake shahada. Ki nemi wani abin."

"To ki ji abin da na yi, ko kya ji tausayina. Ko kuwa ki ƙi." Madina ta kawar da kai. "Shekarar da mayaƙan Ningi suka faɗo mana a ƙauye, muna yankan gero."

Kulu ta daskare. Shekara goma sha ɗaya ke nan, amma ba ta taɓa kwana ba ta tuna ba. Sun fita gonakinsu na wajen ƙauyen Balan, mahaya suka ɓullo daga kurmi. Ranar aka tafi da 'yarta Hanne, 'yar shekara goma sha biyu, ita kaɗai Allah ya bar mata. Har yau ba labari.

"Na ce miki ban gan ta ba," in ji Madina. "Na gan ta. Ina cikin rumbu, na ja murfin na riƙe ta ciki. Sai na ji ta hau, tana bugawa, tana cewa, Iya Madina, buɗe min. Akwai wuri, Kulu, har na mutum uku. Amma ina jin kofaton dawaki, sai warin jirgin nan ya dawo min a hanci. Na ce in na buɗe za su gan mu. Na riƙe murfin. Tana ja ina ja. Har ta daina."

Wani ƙuda yana ta kewaya bakin ƙwaryar kunu.

Kulu ta miƙe, ta ɗaga asabari, ta fita tsakar gida. Rana ta doke ta a fuska. Ta dafa randa. Shekara goma sha ɗaya matar nan tana taya ta kuka, tana aiko mata da tuwo, tana cewa a yi haƙuri. Ga zaure can, taku goma. Kalma ɗaya za ta faɗa wa liman, shi ke nan: ba wanka, ba salla, ba maƙabarta, sai dai a ja ta bayan ganuwa a tura a rami. Ta yi taku uku zuwa zauren. Abin da ya ba ta tsoro shi ne yadda ƙafarta ta yi sauƙin ɗagawa.

Sai ta ji wani sauti daga ɗaki. Ba kira ba ne. Madina ce take ƙwanƙwasa ƙafar gadon kara da 'yan yatsu, a hankali, tana bugawa tana sakewa, kamar mai neman a buɗe mata.

Kulu ta tsaya cak. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ɗauki ludayi, ta ɗebi ruwa a ƙaramar ƙwarya, ta koma.

Madina ta ga ƙwaryar, fuskarta ta motsa. "Za ki yi?"

"Ba zan yi ba, na gaya miki." Kulu ta zauna a bakin gado, ba ta kalle ta ba. "Wannan malamin naku, da ya zuba miki ruwan, me ya ce? Ki faɗa min daidai yadda ya faɗa."

"Ya ce... tsohuwar ni ta mutu. An binne ni tare da Almasihu, yadda ya mutu saboda zunubinmu, zan kuma tashi tare da shi."

"Binnewa ya ce? Ba alwala ba?"

"Binnewa."

"To ke kika mayar da shi alwala, don kin daɗe a cikinmu." Kulu ta share fuska da gefen zane. "Ni ban san addininku ba, ba kuma na son in sani. Amma gawa na sani, shekarata talatin ina wanke ta. In aka gama wa mamaci wanka, sai wata ƙazanta ta fito daga baya, kin san me ake yi? Ba a sake wankan. Wanda aka yi ya tsaya. Wurin da ya ɓaci kawai ake wankewa."

Madina ta zuba mata ido. Ƙirjinta yana hawa yana sauka da sauri. "Sau ɗaya," ta ce. "Haka muke faɗa a can kowace Lahadi. Baftisma ɗaya, domin gafarar zunubai. Na manta, Kulu. Wallahi na manta."

"Da wane hannu kika riƙe murfin?"

Madina ta ɗaga na dama. A dunƙule yake, kamar har yanzu akwai abu a ciki. Kulu ta kama shi. Ta so ta murɗe shi, Allah ya sani. Ta tsoma shi cikin ƙwarya, ta riƙa buɗe 'yan yatsun ɗaya bayan ɗaya, tana cuɗa su da ruwa.

"Kin yafe min?"

Kulu ta ci gaba da wankin. Ta wanke tafin, ta wanke bayan, ta bi ƙarƙashin farce. Leɓen Madina suna motsi da wani yare da Kulu ba ta sani ba, sunan Isa kaɗai take tsinta a ciki. Numfashin ya fara nisa da juna.

"Na yafe," in ji Kulu. "Kin ji ni, Yaya? Na ce na yafe."

Ko ta ji, ko ba ta ji ba, Kulu ba ta sani ba. Ta jira numfashi na gaba, bai zo ba.

Ta rufe mata ido, ta ɗaure mata haɓa, ta ja zane. Ta fita ta tsaya a bakin zaure, dattawa suka ɗago kai.

"Ta cika, Malam."

Suka yi salati. Liman ya ce, "Ta samu ta yi magana kuwa?"

"Ta yi. Da sunan Allah a bakinta."

Ta tsinko ganyen magarya a gindin katanga, ta ɗora ruwa a murhu. Da ta koma ɗaki, sai ta ga hannun dama ya zamo daga ƙarƙashin zane, ya sauko gefen gado, a buɗe. Ruwa bai gama bushewa a tafin ba.