Tallan Ranar Sadakar Uku

Sa'ida ta karanta aikin jarida, amma babu gidan jaridar da ya ɗauke ta. Sai ta koma kula wa masu sana'a na cikin birni da shafukansu na Facebook da Instagram. Ita ce ɗaukar hoto, ita ce rubuta talla, in wani ya kawo ƙorafi ita ce mai lallashi. Cikin mutum biyar da take yi wa aiki, ta fi shaƙuwa da Malam Ɗahiru baduku na Ƙofar Galadima. Abokin marigayi mahaifinta ne, Baba take ce masa.

Da farko ba ya son kyamara. "Ke Sa'ida, me zan ce wa waya?" Daga baya ya saba, har in ta zo sai ya ce ta jira ya canza hula. Takalmansa suka fara tafiya Abuja da Legas.

Tana da tsarinta na aiki. A Asabar ɗin farkon wata take ɗaukar bidiyo takwas, ta jera su a manhaja, ta sa wa kowanne rana da lokaci, su riƙa fita da kansu ko tana ina.

Wata Talata da hantsi Malam Ɗahiru ya yanke jiki ya faɗi a shago. Kafin a isa asibiti Allah ya karɓi abinsa. Sa'ida ta tare a gidan makoki, tana shimfiɗa wa mata tabarma, tana taya ɗora tukunya, in ta keɓe ta yi kukanta. Wayarta na cikin jaka. Ko sau ɗaya manhajar ba ta faɗo mata a rai ba.

Ranar sadakar uku, ƙarfe goma daidai, maza na zaune a ƙofar gida ana addu'a, bidiyo ya fita. Ga Malam da farar hula, riƙe da jan takalmi, yana dariya har haƙorinsa na Makka ya bayyana.

"Jama'a, ina nan a shago lafiya lau, ina jiran ku. Wanda bai zo ba har Juma'a, kada ya ce ban faɗa masa ba!"

Kafin azahar ya zagaye guruf-guruf na unguwa. Wani ya sauke shi, ya rubuta da manyan baƙaƙe a kan fuskar Malam: AN FARA KASUWANCI DA MAMACI.

Abdulwahab, babban ɗan Malam, ya aika a kira ta zaure. Ya miƙa mata wayarsa.

"Mene ne wannan?"

"Yaya, wallahi tun farkon wata na jera shi. Shi ya fita da kansa. Mantawa na yi."

"Kin manta ya rasu?"

Bai jira amsarta ba.

"Goge. Shafin, da bidiyoyin da ke wayarki, duka. Ina tsaye."

Ta roƙe shi ya bari ta fara saka bayani a shafin, domin a makaranta an koya musu cewa in kuskure ya faru, a amsa shi da wuri, kada a kawo uzuri. Ya ce babu sauran bayani. Ta goge shafi mai mabiya dubu goma sha ɗaya, sannan ta shiga wayarta ta goge bidiyoyin shekara biyu, ɗaya bayan ɗaya, yana kallo.

Ta rubuta neman afuwa a nata shafin. Wasu suka yi mata addu'a. Da yawa suka ce wannan ma neman suna ne. A cikin makon, mai turare da mai ɗinki suka ce ta ɗan dakata musu da aiki tukuna.

Bayan kwana goma Hajiya Asabe, matar Malam, ta aiko a kira ta. Sa'ida ta shiga ɗakin takaba, ta durƙusa daga bakin ƙofa.

"Inna, ki yafe mini."

"Matso nan. An ce akwai maganarsa a wayarki. Shekara talatin da huɗu muna tare, ni ban da komai mai muryarsa. Kowa ya gani sai ni."

Sa'ida ta sunkuyar da kai. "Inna, na goge su duka."

Tsohuwar ta murza carbi. "Ko ɗaya?"

Akwai ɗaya, wanda aka turo guruf, mai rubutun nan a fuska. Sa'ida ta daɗe tana kallonsa kafin ta miƙa.

"Me aka rubuta a nan? Ni ba na karatun boko."

"Ba abin kirki ba ne, Inna."

"To bar shi. Kunna."

Muryar Malam ta cika ɗakin. Hajiya ta kara wayar a kunne ta rufe ido, hawaye na bin kumatunta.

"Mura yake yi a nan," ta ce. "Na ce kada ya fita ranar, bai ji ba. Sake kunna mini."

Sau huɗu Sa'ida ta kunna. Da za ta tafi, Hajiya ta ce ta riƙa leƙowa da wayar, amma ta bari sai Abdulwahab ya fita kasuwa.