Kwana Goma Sha Ɗaya na Maikano

Maikano ya ajiye basilla da zare a kan teburin manaja ranar Talata, ya fita daga injin casar shinkafa bai waiwaya ba. Shekara goma sha tara yana ɗinke bakin buhu a wurin nan, a gefen titin Tudun Wada.

Ubale, mai tada injin, maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba su. A idonsa aka yi. Ya ci gaba da aikinsa, 'ya'yansa bakwai.

Tun zuwan sabon manaja, Abdulmalik, wurin ya lalace. Ya kwashe bencuna, wai zama lalaci ne. Ya hana hira. Yakan kira mutum ofis, ya rufe ƙofa, ya ce wane ya kawo ƙararka. A shekara biyu ma'aikata suka daina gaisawa. Tsayuwa ta kumbura ƙafafun Maikano, ga shi da ma zuciyarsa ba lafiya.

Washegarin fitar Maikano, manaja ya tara ma'aikata. Ya ce duk wanda aka gani a ƙofar gidan Maikano, a bakin aikinsa.

Kwana uku Ubale yana zagayawa ta bayan layi. A na huɗu, bayan La'asar, murya ta tsallako katanga.

"Ubale! Ina jin tarinka. Ko gaisuwa ma sai ka ɗauko izini a ofis?"

Kunya ta kama shi, ya shiga. Ya tarar da Maikano kwance a tabarma gindin mangwaro, ya ɗora ƙafafu a kan turmin da aka kwantar, matarsa Tasalla tana dama masa fura.

"Zo ka ɗanɗana zama," in ji Maikano. "Wallahi ya fi nama."

"Ya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Ni ne dai na samu lafiya."

Ubale ya yi dariya har ya ƙware. Ya manta rabonsa da ita.

Kashegari sai ga Ghali mai awo ya leƙo, hula a hannu. Bayansa Badamasi mai shanya. Kowa ya ga ɗan'uwansa ya yi turus.

"Ku zauna, munafukai," in ji Maikano. "Ghali, wa aka ce maka yana kai ƙararka?"

Ghali ya sunkuyar da kai. "Badamasi."

"Ni?" Badamasi ya dafe ƙirji. "Ni kai aka ce mini! Shekara guda ina yi maka mugun kallo a banza!"

"To ni ku biyun aka ce," in ji Ubale.

Suka dubi juna. Sai dariya ta ɓarke, har Tasalla ta leƙo daga madafa.

"Malam, a hankali, ka san zuciyar nan."

"Bar ta ta yi aikinta, Tasalla. Yau ba manaja."

Daga ranar, kullum bayan an tashi aiki sai tsakar gidan ta cika. Da farko ta bayan layi suke zuwa, daga baya suka daina wahalar da kansu. Tasalla ta ƙara tukunya. Maikano yakan turo ciki, ya goya hannu a baya daga kwance, ya maƙale murya irin ta manaja: "Kai! Wa ya ba ka izinin numfashi?" Mutane su yi ta faɗuwa kan juna. Ubale yana kallon ƙafafun suna ƙara hawa, bai faɗa wa kowa ba.

Ranar Asabar da hantsi Maikano ya sha koko, ya ce ya yi tsami daidai. Ya nemi a juya shi ya fuskanci alƙibla. Kafin Tasalla ta dawo da kwano, ya cika.

Labari ya iske Ubale a gaban injin. Ya kashe shi, ya goge hannu a wando, ya fita. Da ya kai bakin titi sai ya ji takun mutane a bayansa. Su goma sha huɗu ne, kowa da ƙaiƙayi a gashi.

Bayan an sallace shi, suka hana kowa makarar. Wannan ya sa kafaɗa, taku goma ya ba wancan. Ghali na gaba, Badamasi na riƙe masa takalmi. Hanyar maƙabarta ta ratsa gonakin dawa, iska na kaɗa zangarniya.

Ubale ya karɓi gefen hagu ke nan, sai mota ta sha gefensu a hankali. Gilas ya sauka. Manaja ne.

"Allah ya jiƙansa. Ubale, shinkafar mutane tana tukunya tun safe. Ba mai tada injin sai kai. Shigo yanzu, ko kuma kada in ƙara ganinka."

Ubale ya gyara zaman makarar a kafaɗarsa. Bai rage tafiya ba.

"Ba zan zo ba, yallaɓai."