Amsar da Saja Mudi Ya Bayar

Saja Mudi ya dawo daga fagen daga da ɓaraguzan nakiya a ƙugu, amma takardar sallamarsa ta ce nakasar kashi ashirin ce cikin ɗari. Kashi ashirin! Mutumin da ko sallah a zaune yake yi. Shekara biyu yana aika ƙorafi daga gidansa na Maitumbi kafin a sa masa ranar zuwa gaban kwamitin likitocin soja. In sun ɗaga kason, za a yi masa tiyata. In sun ƙi, shi ke nan, ba a sake sauraronsa.

Matarsa Larai ta san halin kayanta. Tun a cikin keke take ja masa kunne.

"Malam, don Allah ka faɗa musu gaskiya. Ka ce ba ka iya barci, ka ce ni nake ɗaga ka."

"Na ji," in ji shi.

Ya ji ɗin kuwa. Sai dai da aka kira sunansa ya hango kanar zaune a tsakiyar tebur, sai aikin soja na shekara ashirin da biyu ya motsa masa. Ya jingine sandarsa a bakin ƙofa. Ya yi taku shida, kowanne kamar ana soka masa allura, ya ƙame, ya sara.

"Saja, yaya jiki?" in ji kanar.

"Da sauƙi, ranka ya daɗe. Alhamdu lillahi."

To me zai ce? Tun yana yaro amsar da aka koya masa ke nan, bariki kuma ta ƙara masa da cewa soja ba ya raki gaban na gaba. Aka nuna masa kujera, ya ce ba komai. Kanar ya yi murmushi, ya yi 'yan rubuce-rubuce, ya sallame shi.

Yana fitowa ƙafar ta ƙi ɗaukarsa, ya zube a baranda. Larai ta ga sandar a jingine, ta gane komai. Ta zauna a ƙasa kusa da shi tana share hawaye da bakin mayafi.

Bayan wata uku amsa ta zo. An rubuta cewa mai ƙorafi ya shigo da ƙafarsa ba sanda, ya tsaya ƙyam, ya kuma ce jiki da sauƙi, don haka kason yana nan yadda yake. Mudi ya karanta sau uku yana neman ƙarya ko ɗaya da zai kama ya yi fushi da ita. Bai samu ba, kuma wannan ne ya fi ci masa rai.

"Ba su yi mini sharri ba, Larai," ya ce, hawaye na zubo masa. "Duk ni na faɗa da bakina."