Koren Tayil na Reshen Gabas

Ƙarfe bakwai na safe ake buɗe ƙofar kasuwar Wren Hollow, shagunan ciki kuwa sai ƙarfe goma. Waɗannan awa ukun na tsofaffi ne. A wannan yanki namu na Ohio, in dusar ƙanƙara ta sauko, wanda ya haura saba'in ba ya taka titi saboda santsi, sai in ya gaji da ƙugunsa. Shi ya sa likitoci suka koro su nan, cikin rufi da ɗumi, su yi ta zagaye. Zagayen kuma da dokarsa: ka bi jikin bango, ka shiga kowane lungu, in ka kai ƙarshen reshe ka taɓa bango da hannu kafin ka juyo. Da haka ne kawai yake cika mil ɗaya. Wanda ya yanke hanya, ranar ya shiga uku da bakin Odessa Pruitt, tsohuwar direbar bas da ta naɗa kanta shugabar masu zagaye ba tare da kowa ya zaɓe ta ba.

Verna Dombek da mijinta Emmett shekararsu goma sha ɗaya suna zuwa. Emmett ya yi shekara talatin da biyu yana sayar da takalma a Brandvold, babban kantin da ke ƙarshen reshen gabas, a zamanin da shaguna ɗari da ashirin suke cike, ranar Asabar ko wurin ajiye mota ba ka samu. Yanzu sha tara suka rage. Mutane sun koma latsa waya ana kawo musu kaya har ƙofa. Ruwan da ke tsartuwa a tsakiyar kasuwar an kashe shi an zuba furannin roba a gurbinsa, in rufi ya fara yoyo sai a jera bokitai. Brandvold kansa ya rufe shekara shida ke nan.

Ciwon mantuwa ya kama Emmett shekara uku da suka wuce. Ya cinye sunan titinsu, ya cinye yadda ake ɗaura igiyar takalmi, mutumin da ya durƙusa ya ɗaura wa rabin garin nan. A gida "baiwar Allah" yake ce wa Verna, cikin ladabi, kamar mai saye ce ta shigo kanti. Amma da sun shiga kasuwar sai ya miƙe kafaɗa ya wuce gaba, ko sau ɗaya bai taɓa ɓata ba. A gefen dama na rufaffiyar ƙofar Brandvold akwai wani koren tayil da hannuwan tsofaffi suka goge har tsakiyarsa ta koɗe. Nan zai ɗora tafinsa, ya waiwayo, ya ce, "Ɗaya ke nan, Verna."

Zagaye uku suke yi. Sau uku a rana take jin sunanta a bakin mijinta, ba ƙari. Saboda wannan take tashi tun biyar da rabi ta kankare ƙanƙara daga gilashin mota da hannun da ke mata ciwo.

Wata Litinin cikin Fabrairu suka karya kwanar gabas sai ga bangon katako tun daga ƙasa har rufi, ya raba reshen biyu. An manna takarda a jiki: asibitin wankin ƙoda zai kama wurin Brandvold, ana aiki, ba shiga. Emmett ya tsaya cak. Ya shafa katakon hagu da dama yana neman ƙofa, sannan ya shiga bugawa.

"Na makara," in ji shi. "Sun rufe ba ni a ciki. Baiwar Allah, ko kin san wanda ke riƙe da mabuɗi?"

Da ƙyar ta janye shi zuwa mota. Talata haka, Laraba haka. Ranar Alhamis ko takalmi ya ƙi sawa. Verna ta zauna a kicin ta yi kuka sosai, don ta san irin ciwon nan: abin da ya kwana huɗu bai taɓa ba, sau da yawa ya tafi ke nan.

Juma'a ta bar shi da maƙwabciya ta nufi ofishin manaja. Odessa ta biyo ta ba a gayyace ta ba.

Mista Haskell mutum ne mai sanyi, ofishinsa ya fi shi sanyi, don ya kashe na'urar ɗumama ɗaki saboda tsimin kuɗi, yana zaune da rigar sanyi. Ya saurari Verna har ta gama.

"Misis Dombek, ba zan ɓoye miki ba," ya ce. "Asibitin nan shi ne numfashinmu na ƙarshe. Masu jinya za su zo, masu rakiya su sha kofi, su sayi ɗan wani abu. In bai zo ba, kafin bazara an rufe kasuwar gaba ɗaya, badi katafila ta baje ta. Ciki kuwa fasa bango ake yi, ban isa in shigar da kowa ba."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ta so ta tsane shi, ta rasa ta inda za ta kama. Ta ɗauki jakarta za ta tashi.

"Dakata, Verna," in ji Odessa. "Kai, ɗan nan, tayil ɗin fa? Shi ma asibiti za su wanke masa ƙoda?"

"Wane tayil?"

"Ji min mutum! Shekara huɗu kana manaja ba ka san tayil ba? Ai ga shi nan a tumbinka, ko zagaye ɗaya ba ka taɓa yi ba. Koren da ke gefen ƙofar Brandvold. Tashi ka sa hular kwanon nan ka ciro mana shi kafin su farfasa."

Haskell ya dubi Verna, ya ga yadda ta riƙe jakar da hannu biyu. Ya tashi ya ɗauki hular.

Bayan rabin awa ya dawo duk ƙura, yana murmushi, ya ajiye wani koren tayil sumul mai sheƙi a kan tebur. "Na zaɓo muku wanda ya fi kyau. Na kusa da shi duk ya lalace."

Odessa ta dafe kai. "Wayyo Allah, wa ya haifi wannan? Lalataccen muke so! Hannunmu ne ya lalata shi, shekara da shekaru. Koma!"

Ya koma ya ciro shi. Da yamma shi da kansa ya manna koɗaɗɗen a jikin katakon, daga dama, Verna na nuna masa tsayi da kafaɗarta. Ta san daidai inda hannun mijinta yake sauka.

Asabar ta lallaɓa Emmett ya sa takalmi. A ƙofar kasuwa ya ɗan yi jim, sannan ya wuce gaba. Suka bi jikin bango, suka shiga lungun shagon kati da ya rufe, suka wuce bokitai. Masu zagaye wajen goma sha biyar suka rage sauri suna biye da su daga nesa, kowa na yi kamar ba kallo yake ba. Tsoro ya cika Verna, don in wannan bai yi ba, ba ta da wata dabara.

Ya tsaya a gaban katakon. Idonsa ya sauka kan tayil ɗin. Ya ɗaga hannu a hankali ya ɗora, tafinsa ya zauna cif a inda ya koɗe. Ya daɗe a haka. Sai ya juya ya auna tsawon reshen da ido, ya haɗe gira irin na mutumin da aka kawo wa takalmi ba lambarsa ba.

"Wa ya matso da shi?" ya ce da faɗa. "Wannan ha'inci ne, Verna. Bai kai mil ba. Daga yau huɗu za mu riƙa yi."

A baya aka ji Odessa ta fyace hanci da ƙarfi. Gwiwoyin Verna sun daɗe suna ƙorafi a kan ukun ma, amma ta goge fuska da bayan hannu, ta gyara jakarta.

"To, huɗu," ta ce, ta bi bayansa.