Telen Mutum Ɗaya

Wani siririn hayaƙi ya tashi daga kan tebur, warin ƙonanniyar roba ya cika shagon. Muntaka ya zare wayar daga kan batir, ya zauna yana kallon ɓarnar da ya yi. Ko haushi bai ji ba. Tun ranar da aka bugo daga Legas aka ce mota ta kaɗe yayansa Bashir, har an binne shi a can, ba ya jin komai. Yana cin tuwo, yana karɓar gaisuwa, yana gyaran rediyo da salula a kasuwar Matameye, duk kamar da hannun wani.

Abin da ya ƙona maleƙar tsohuwar kamera ce, ɗan bututun nan da mai ɗaukar bidiyo ke manna wa ido. A cikinsa akwai 'yar tele da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Biyu ya ciro daga matattun kamarorin da masu ɗaukar biki suka watsar masa tun da salula ta kashe musu kasuwa. Yanzu saura ɗaya.

Shekara, tela mai shagon kusa, ya leƙo yana toshe hanci.

"Muntaka, me kuma ka toya mana da ranar nan?"

"Wuta ta yi mata yawa. Biyar take ci, na ba ta sha biyu."

"Kai da kanka? To ita wannan 'yar mitsitsiyar, wa zai kalla a ciki?"

"Inna. Faifan bikin Yaya Bashir zan sa mata."

"Ga tele a gidanku, ga pano mai ba da wutar hasken rana a kan rufi. Sa mata mana."

"Ɗan fari ne," in ji Muntaka.

Shekara ya sauke hannu daga hancinsa, ya ce Allah Ya jiƙansa, ya koma kan kekensa.

Inna Mariyama irin matan da ne, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ba ta taɓa kiran sunan Bashir ba, sai dai "wancan" ko "yayanku". In ya shigo gaishe ta, kanta na kan tankaɗe take amsawa. Da ya rasu ma idonta ƙamas, ita ke ba mutane haƙuri. An miƙa mata hotonsa a salula, ta kau da kai. Da aka sa faifan a tele matan unguwa suka cika ɗaki, sai ta ɗauki buta ta fita. Amma jiya Muntaka ya ci karo da ita ta ɗaga faifan sama tana juya shi a hasken rana, wai ko za ta hango wani abu a ciki. Tana ganinsa ta ce ƙura take gogewa.

Ya jawo maleƙa ta biyu. Wannan karon bai yarda da kansa ba. Ya bi siraran wayoyin da abin awo ɗaya bayan ɗaya: wadda ta haɗu da ƙarfen jiki ita ce ta ƙasa, ga ta wuta, ga ta hoto. Ya fasa cajar mota, irin wadda ke rage wutar batir zuwa biyar, ya sa ta a tsakani. Ya auna, ya sake aunawa. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke tun hantsi, babu halin liƙa dalma, sai ya murɗe wayoyin da hannu ya naɗe da salatif. Ya haɗa da ƙaramar na'urar faifai mai fasasshen gilashi, ya kunna.

Wani ɗan ƙara siriri ya tashi kamar kukan sauro. Ya manna ido. Ga Bashir cikin babbar riga, baƙi da fari, yana dariya ba sauti. Muntaka ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa. Shiru. Ya kashe, ya zuba kayan a kwali.

Bayan la'asar ya same ta ita kaɗai a ɗaki tana jan carbi. Ya ajiye batir, ya jera kayan a kan tabarma. Girgizar babur ta kwance wayar hoton, ta ƙi zama sai ya danne ta da yatsu biyu.

"Inna, ga wani abu. Ido ɗaya ake sa masa."

"Mene ne kuma?"

"Tele ce, amma ta mutum ɗaya. Mai leƙawa kaɗai ke gani. Ko ni da nake riƙe da ita ban san abin da ke ciki ba."

Ta dube shi, ta dubi ƙofa. Ta ajiye carbin, ta goge tafinta a zani, ta ɗauki bututun da hannu biyu. Da farko rufaffen idon ta manna, sai da ya ce ta canza.

Ta daɗe ba ta motsa ba. Ɗan hasken da ke tsiyayowa ta gefen robar yana rawa a kumatunta.

"Muntaka."

"Na'am, Inna."

"Shi ba ya ganina, ko?"

"Ba ya ganinki, Inna."

"To, juya mini baya."

Ya juya fuskarsa ga bango, hannunsa na miƙe ta baya yana danne da wayar. Kafaɗarsa ta fara sagewa. Ya ƙara matse yatsunsa, don in ya saki hoton zai ɗauke.